Ƙafar Baba Kofur da Tawa

Da sunan Allah nake farawa, Shi ke saukar da cuta, Shi ke ɗauke ta. Jiya aka yi addu'ar arba'in ta mahaifinmu, Kofur Isa mai ritaya, wanda mutanen Karaye suka sani da Baba Kofur. Baƙi sun watse, mata sun mayar da tukwanen aro, ni kuma na zauna in rubuta yadda jinyarsa ta kasance, don duk wanda yake da tsoho a gida ya ga gemunmu ya kama wuta ya shafa wa nasa ruwa. Zan faɗi gaskiya ko da a kaina ne. Layin asibiti ya ci mini rai, tsadar magani ta ci mini rai, amma kishin ƙanena Nasiru ya fi su duka, kuma kishin nan yana da hannu a abin da ya faru.

Sunana Auwalu, ni ne ɗan fari, kuma wanda ya san gidajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Tun daga yaye aka miƙa ni ɗakin kakata, Iya. Baba bai taɓa kiran sunana ba. In yana nemana sai ya ce "kai", in zai yi zancena sai ya ce "yaron Iya". Da na fara koyarwa a firamare sai ya samu sauƙi, ya koma ce mini "Malam". Kunyar ɗan fari ce, kowa ya sani, ni ma na sani. Sai dai abin da kai ya sani ba kullum zuciya ke yarda da shi ba.

Abin da Baba ya dawo da shi daga aikin soja, ban da akwatin ƙarfe da 'yar fansho, shi ne kula da ƙafa. Yakan ce ƙafa ita ce bindigar soja ta farko. Kowace Juma'a da hantsi sai ya kife turmi a tsakar gida ya zauna, ya ajiye reza da allura da gwangwanin man kaɗanya, ya ce a yi fareti. Ƙannena da 'ya'yan maƙwabta su jeru, kowa ya ɗora ƙafa a cinyarsa, ya yanke farce, ya cire ƙaya, ya shafa mai a kaushi. Ni ba na cikin layi, Iya ce mai yanke mini farce. Daga bakin ƙofarta nake kallon Nasiru yana ƙyalƙyala dariya, Baba yana cewa, "Tsaya mana, Nasiru, sojan banza." Ina da shekara arba'in da takwas yanzu, amma ban manta ba.

Ba a gida kaɗai ba. A masallacinmu shi ne mai daidaita sahu, yana bin duga-dugan mutane da ido, ko dagaci ne sai ya ce masa matsa baya kaɗan. Shi ke kiran gayya in ruwa ya cinye hanya, shi ke fara sara in za a haƙa kabari. Da aka yi rikicin burtali tsakanin manoma da makiyaya a wajen Yammedi, shi ya taka iyakar da ƙafarsa tun daga farko har ƙarshe, kowa ya yarda da inda ya taka. Amma ƙafarsa shi, babu wanda ya taɓa gani. Kullum tana cikin safa da takalmin soja, ko gona za shi. Alwala a bayan ɗakinsa yake yi. Tun da mahaifiyarmu ta rasu kuwa, babu mai shiga ɗakin nan sai shi.

Alamun sun daɗe da zuwa, mu ne ba mu iya karatunsu ba. Yawan ƙishirwa, yawan zagayawa bayan gida, rama, ga kiyashi da ke taruwa a inda ya yi fitsari. Duk muka ce tsufa ne.

Makon farko ya zo daidai da cirar gyaɗa. Ya dawo daga gonarsa ta Yammedi yana ɗan ɗingishi. Bayan kwana uku matata Binta, wadda ke yi masa wanki, ta same ni ina gyara takardun yara.

"Malam, ka ga safar Baba kuwa? Sai da na jiƙa ta kafin ta buɗu. Kuma akwai wari."

"Gumi ne."

"Gumi ba ya yin ja. Ka tambaye shi mana."

"In ce masa me? Baba, cire takalminka?"

"To kira Nasiru. Shi ai yana iyawa."

Da ba ta ƙara wannan ba, wataƙila da na kira shi da kaina. Nasiru yana Abuja yana sayar da kayan gini, sau uku yake zuwa gida a shekara. Ni ne nake katanga ɗaya da Baba shekara ashirin, ni ke kai shi tantancewar 'yan fansho, ni ke sayo masa taki. Sai kuma in buga waya in ce wa baƙo ya zo ya duba ƙafar uban da nake gida ɗaya da shi? Na ce zan ji da abina. Binta ta ce, "Ana cewa kishi kumallon mata, ashe ku ma kuna amayar da shi."

Na gwada, ba zan ce ban gwada ba. Da safe na durƙusa a ƙofar ɗakinsa muka gaisa, na tambayi kwanan jiki, ya tambayi 'yan makaranta. Na ce, "Baba, na ga kamar ana ɗingishi." Ya ce, "Takalmi ne ya tsufa, Malam." Na ce Allah ya sawwaƙe, na tashi. Iyakar binciken da na yi ke nan, kuma kwana goma sha biyu suka wuce a haka. Daga baya likita ya tambaye ni tun yaushe aka ga ciwon, na faɗa masa, ya dai rubuta.

A mako na uku Allah ya kawo Baba Saje Mamman daga Rogo. Tare suka yi aikin soja, kuma duk bayan mako biyu yakan zo su yi Juma'a tare, da ƙullin mazarƙwaila a aljihu, don Baba ba ya shan fura sai da ita. Yana ganin yadda Baba ya miƙe ya tarye shi sai ya tsaya cak.

"Kofur, cire takalmin nan."

"Haba Saje, ko gaisawa ba mu..."

"Ba tambayarka na yi ba. Umarni ne."

Shekara arba'in da barin aiki, amma Baba ya sunkuya ya kama igiyar takalmi. Sai ya ɗago ya dube ni ya ce, "Malam, a kawo wa baƙo ruwa." Na gane korata ake yi. Na ɗebo ruwan da sauri na dawo na tsaya a bakin zaure, daga nan na hango. Akwai rami a ƙarƙashin babban yatsa, yatsu biyu sun yi baƙi kamar an tsoma su a toka. Ƙusa ce ta huda takalmin a gona, ya yi kwanaki yana yawo a kanta bai ji ba. Da ya gani kuma sai ya riƙa wankewa da ruwan gishiri shi kaɗai.

Baba Saje ya juyo ya ce, "Auwalu, kana gida ɗaya da mutum ƙafarsa tana ruɓewa?"

Baba ya ce, "Ba laifinsa. Bai gani ba."

Kare ni yake yi, na sani, amma ni zagi na ji. Ban gani ba don ba a nuna mini ba, an kuwa nuna wa mutumin Rogo cikin minti ɗaya.

A asibitin garinmu aka tsaga masa yatsan hannu aka auna jini. Nas ɗin ta dubi na'urar, ta dube mu, ta sake aunawa. Ciwon suga ne, kuma ya daɗe. Suka yi masa ƙarin ruwa da allurai, suka wanke ciwon, Allah ya saka musu da alheri, suka ce wannan ƙafar ta fi ƙarfinsu, mu wuce Kano kada mu kwana biyu.

Muka kwana shida. Ƙanwar Baba, Gwaggo Asabe, ta iso daga Kurugu da mai maganinta, ta ce ba suga ba ne, abu aka binne masa a kan burtali tun wancan rikicin, ya taka. Wani ya ce a shafa zuma, wani ya ce garin bagaruwa, wata ta ce a dafa ganyen darbejiya a tsoma ƙafar. Kowa da nasa, kuma kowa don Allah yake yi. Gwaggo ta ce, "A birni ba sa magani, yankewa suke." Baba ya ce a bari a ga abin da Allah zai yi. Ni ba ni da bakin yi masa gardama, sai in bi ta wajen Baba Saje, shi kuma umarninsa ya ƙare a cire takalmi.

Binta ce ta kira Nasiru ba da sanina ba. Ya iso ranar Alhamis da motarsa, ko ruwa bai sha ba ya shige ɗakin Baba, ɗakin da ni ban taɓa wuce ƙofarsa ba. Ya zauna a ƙasa, ya kwance tsumman da aka ɗaure ciwon da shi, ya ɗora ƙafar a cinyarsa yana kuka.

"Baba, gobe da sassafe za mu tafi Kano."

"To, Nasiru."

Shi ke nan. Abin da na kwana shida ina zagaye a kai, an gama shi kafin shayi ya huce. Ya kamata in yi murna, na kuma yi, amma can ƙasan murnar akwai wani abu mai ɗaci.

Mako na huɗu da na biyar a wani babban asibiti muka yi su a birni. Wanda bai taɓa zuwa ba ya shirya ƙafarsa. Layin kati daban, layin biya daban, layin gwaji daban, in ka kai gaba a ce takardar da ke hannunka ba ita ba ce. Kwana biyu muka yi a baranda kafin gado ya samu. Baba yana kan keken marasa lafiya, zazzaɓi na cinsa, amma da ya ga ana turereniya a tagar kati sai ya ɗaga murya: "Ku yi layi ɗaya! Mai hula, koma baya, ba a nan ka zo ba." Suka kuwa bi. Har ma'aikatan suka riƙa ce masa kwamanda.

Likitan da ya karɓe mu ya fito da wani siririn zare mai tauri kamar na kamun kifi. Ya ce Baba ya rufe ido, ya riƙa dangwala masa a tafin lafiyayyar ƙafar yana tambaya ko ya ji. A wurare da yawa Baba shiru ya yi, yana jiran a taɓa shi, alhali an riga an taɓa. Likitan ya ce, "Suga ɓarawo ne, Baba. Jin zafi yake fara sacewa, sannan ya dawo ya ɗauki ƙafar." Wannan maganar ta zauna mini, ashe Baba ma ta zauna masa.

Aka cire yatsu biyu. Nasiru ya yi kwana uku ya koma, ya ce kasuwa ba ta jira, zai riƙa turo kuɗi ta waya. Ya kuwa turo, ban taɓa tambaya sau biyu ba, wannan hakkinsa ne in faɗa. Ni ma na sayar da gyaɗar bana tun ba ta yi daraja ba, da ɗan bijimin da nake kiwo, amma wannan babu wanda ya ji labarinsa. Na ɗauki hutu a makaranta na shimfiɗa tabarma a gindin wata bishiya tare da sauran masu jinya.

A nan na san cewa jinya ma tana da manya da ƙanana. Sayen magani nawa ne, wankin kwano nawa ne, bin likita a guje nawa ne. Amma in Baba zai kama ruwa, ko za a goge masa jiki, sai ya ce, "Malam, ɗan ba mu wuri." Ya gwammace ya matse har ma'aikacin ɗakin ya zo, mutumin da bai san sunan garinmu ba. Na yi wa Baba Saje ƙorafi, wanda yake hawo motar haya tun daga Rogo duk bayan kwana uku da tsufansa. Na ce ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya ce, "Ana ɓoye wa ɗan fari." Ya yi dariya, ni ban yi ba.

Abin da ya fi ƙona ni shi ne waya. Kullum da hantsi Nasiru zai kira, hannun Baba kuma yana da allurar ƙarin ruwa, don haka ni ke riƙe masa wayar a kunne. Mutumin da tun safe bai ce mini komai ba sai "to" da "madalla", sai ka ji muryarsa ta sake. "Nasiru! Sojan banza, ka karya kuwa?" Su yi ta hira, hannuna yana sagewa, ina kallon bango.

Masu dubiya kuwa kamar an yi shela. Limaminmu ya zo, matasan gayya suka cika mota guda, Arɗon makiyayan Yammedi ya zo da ƙwaryar nono. Kowa da labarin abin da Baba Kofur ya yi masa, har da waɗanda ban taɓa sanin ya biya wa 'ya'yansu kuɗin jarrabawa daga fanshonsa ba. In za su tafi sai su ce, "Allah ya yi wa Nasiru albarka, mun ji shi ke ɗauke da komai." Ni kuma a ce mini, "Malam, sannu da zama." Zama! Ni da silifas ɗina ya tsinke sau biyu.

Rannan na kama Baba Saje yana zura wa Baba ɗan guntun mazarƙwaila a ƙarƙashin matashi. Na fizge, na ɗaga murya a gaban mutane na ce so yake ya kashe shi. Gaskiyata ce, likita ya hana. Amma Allah ya sani ba don likita kaɗai na yi ba, daɗi na ji na samu abin da zan hana wani shi ma. Tsohon ya sunkuyar da kai ya ce, "Shekara hamsin ban taɓa zuwa wurinsa hannu sake ba." Na bi shi har bakin titi na ba shi haƙuri.

A mako na shida, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Baƙin ƙafar ya haura idon sawu, zazzaɓi ya ƙi sauka, Baba ya fara sambatu yana kiran sunayen mutanen da suka mutu tun a bakin daga. Likita ya ce sai an yanke daga ƙasan gwiwa, in ba haka ba za a rasa shi gaba ɗaya. Gwaggo Asabe ta ce ba da ita ba, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Baba Saje ya ce, "Asabe, wannan karin maganar zumunci ce, ba ta likita ba." Da Baba ya ɗan dawo hayyacinsa aka yi masa bayani, sai ya ce soja ba ya gardama da mai aikin. Likita ya tambayi wane ne babba a 'ya'yansa da zai sa hannu. Baba ya nuna ni da haɓa ya ce, "Ga shi nan."

Na sa hannu. Nasiru ya iso ana gab da shiga tiyata, Baba ya riƙe hannunsa har ƙofa. A gindin bishiyar nan na sauke wa Nasiru abin da na tara.

"Kai ne ɗa, ni ne ɗan aike. Kai ake riƙe wa hannu, ni ake ba biro in sa hannu a yanke masa ƙafa."

"Yaya, me kake faɗa haka?"

"Abin da ka ji."

Ya zauna a kan tabarmata. Sannan ya ce, "Yaya, ni fa kai nake wa kallon mai rabo. Kullum kana ganinsa. Ni in na zo, da ka fita sayen magani ba ya da zance sai naka. Malam ya rame, Malam bai ci abinci ba, Malam yana yawan shan ruwa."

Na ce masa daɗin baki ne. A raina na ce, in gaskiya ne, to ko zancen nawa ma Nasiru ake ba.

Bayan tiyata wani ma'aikaci ya kira ni gefe, ya miƙo mini abu a naɗe cikin farin ƙyalle da leda. Ya ce ku Musulmi ne, ku za ku binne abinku. Ban taɓa tunanin wannan ba, kuma babu wanda ya gargaɗe ni, shi ya sa nake rubuta shi. Na saka a kwali, na shiga motar Karaye, na ɗora a cinyata har gida. Tun da nake, ranar ce na fara riƙe ƙafar mahaifina. Ta fi yadda na zata nauyi. Ni da liman muka binne ta a maƙabartar da Baba ya sha haƙa wa mutane, ban bari kowa ya karɓi fartanyar ba. Na yi kuka a wurin, kuma ina lissafa kwanaki goma sha biyun nan ɗaya bayan ɗaya.

Mako na bakwai da na takwas ciwon ya fara kamewa. Wata nas mai yawan tsokana, wadda take ce masa angonta, ita ta koya mini yin allurar suga da irin abincin da za a ba shi. Allah ya ba ta aljanna, ita kaɗai ce ta taɓa tambayata ko na ci abinci. A mako na tara aka sallame mu, amma likita ya ja ni gefe ya ce ƙodar Baba ta gaji, mu kula da shi, mu yi ta addu'a.

A gida ya riƙa raguwa a hankali. Abinci sai cokali biyu, barci da yawa. In an kira salla sai ya juya kai wajen masallaci ya ce, "Ko wa ke duba musu sahu." Takalminsa ƙafa ɗaya yana ajiye a bakin ƙofa, Binta ta rasa yadda za ta yi da shi.

Juma'ar mako na goma Nasiru yana gida. Da hantsi Baba ya ce a fito da shi tsakar gida, a kawo reza da man kaɗanya, za a yi fareti. Jikoki suka jeru suna murna. Hannunsa yana rawa, don haka Nasiru ke yanke farcen, shi yana dubawa yana shafa mai. Ni ina tsaye a bakin ƙofar tsohon ɗakin Iya, ban ma lura cewa nan na tsaya ba. Da layi ya ƙare sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Malam, saura kai."

Na zaci ban ji daidai ba. Binta ta ture ni da gwiwar hannu.

"Cire takalmin. Zauna nan."

Na zauna a kan turmi, na ɗora ƙafata a kan gwiwarsa mai lafiya. Kunya ta rufe ni, gardi da furfura a gemu. Ya juya ƙafar, ya buɗa tsakanin yatsu, ya latsa dunduniya. Hannunsa da sanyi. Sai ya ce a zaro masa tsinke ɗaya daga tsintsiya.

"Rufe ido. Ka ji?"

"Na ji, Baba."

"Nan fa?"

"Na ji."

Sai na ji shiru. Ina ta jiran ya sake taɓawa. Da na gaji na buɗe ido, sai na ga tsinken a lanƙwashe a ƙarƙashin babban yatsana, yana dannawa tun ɗazu. Ashe duk zaman asibitin nan da nake cewa ba ya kallona, yana ƙirga sau nawa nake cika gorar ruwa, ya kuma ga ranar da silifas ya zame mini a baranda na yi taku uku ban sani ba.

Ya ajiye tsinken, ya lakato mai ya shafa mini a ƙafafu biyun, a hankali, har tsakanin yatsu. Sannan ya ɗaga murya irin yadda ya daɗe bai yi ba.

"Nasiru!"

"Na'am, Baba."

"Gobe ka kai yayanka a auna shi. Umarni ne."

Washegari Nasiru ya kai ni. Suga ne, ya fara ɓarna, amma likita ya ce an zo da sauran dama in na kiyaye. Da muka faɗa wa Baba sai ya ce, "To," ya lumshe ido. Ranar Laraba bayan azahar Allah ya karɓi abinsa, Baba Saje yana gefe ɗaya, ni da Nasiru muna ɗaya gefen. A jana'izarsa sahu ya miƙe sambal ba tare da kowa ya ce a gyara ba. Kusa da inda na binne ƙafar muka sa shi.

Bai kira sunana ba har ya tafi. Sunan ƙarshe da na ji ya kira da ƙarfi na Nasiru ne, kuma ƙarya nake in na ce abin ya daina yi mini ciwo. Na faɗa wa Nasiru haka jiya, ya ce shi kuma har abada yana kishin man kaɗanyar nan, don shi reza kawai aka ba shi ranar. Muka yi dariya, muka share ido.

Jama'a, in kuna da tsoho mai yawan ƙishirwa da rama, ku kai shi a auna. Ku duba ƙafarsa da idonku, ko zai yi fushi. In ku ba za ku iya ba, ku kira wanda zai iya a ranar, ko da wanda kuke jin haushinsa ne. Ina godiya ga Baba Saje Mamman, da Binta da ta yi abin da na kasa, da mutanen Karaye da Rogo da suka tsaya mana. Allah ya jiƙan Baba, ya daidaita masa sahu a cikin salihan bayi.

Juma'ar da ta wuce na kife turmin na ce a yi fareti. Yara suka jeru. Ina cikin yanke wa ƙaramin farce sai na hango babbar 'yata, 'yar farina mai shekara goma sha tara, tana tsaye a bakin ƙofar ɗakin girki tana kallonmu. Tun da aka haife ta "ke" nake ce mata. Na buɗe baki sau biyu abin ya ƙi fita, a na uku na ce, "Zainab."

Ba ta amsa ba. Ta waiwaya bayanta tana neman wanda ya kira ta.

Binta ta ce, "Sake kira, Malam. Ba ta san muryarka da shi ba."